Yadda Ake Tattara Tarihin Tsohuwar Lakwal ta Unguwa a Maraɗi

A tsofaffin unguwannin Maraɗi akwai makarantun gwamnati da suka girmi yawancin mutanen da ke zaune kewaye da su, irin waɗanda kaka ya zauna a kan bencinsu, uba ya zauna, yau kuma jika ne ke ɗauke da jakarsa zuwa can, sau da yawa kuma akwai kwalejin CEG, wato ƙaramar sakandare, a kusa da ke karɓar yaran da suka gama aji shida. Amma idan mutum ya tsaya a ƙofar irin wannan lakwal ya tambayi shekarar da aka buɗe ta, ko sunan mushen, wato malamin, da ya fara riƙe ta, ko wanda ya dasa itatuwan bedi da yara ke fakewa a inuwarsu, da wuya ya samu mutum biyu da bakinsu zai zo ɗaya. Darakta yakan yi ƴan shekaru a sauya masa wurin aiki, takardu suna cikin kabad gara na aikinta, tsofaffin da suka san farkon al'amarin kuma kullum raguwa suke yi. Wannan jagora ta tsofaffin ɗalibai ce da iyayen yara da malamai, waɗanda abin ke ci musu rai kuma suke son su tattara tarihin makarantarsu da hannunsu, ba tare da jiran wani baƙo ya zo ya yi musu ba.

Mutanen aiki da neman izini

Aikin ba ya son taro mai yawa. Mutum biyar ko shida sun isa, in dai akwai wanda ya iya karanta tsohon rubutun hannu na Faransanci, da matashi mai waya mai kyamara mai kyau, da dattijon da unguwa ke jin nauyinsa, da mace aƙalla ɗaya. Ba don cika lissafi ake sa macen ba, sai don akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, kuma rabin tarihin makarantar a cikin waɗannan ɗakuna yake.

Kafin a taɓa ko takarda ɗaya, a fara da darakta, domin makarantar ta gwamnati ce kuma shi aka danƙa wa amanarta. A je masa da wasiƙa a rubuce, a bayyana abin da ake nufi, a kuma roƙe shi ya sanar da ofishin sufeton ilimi da makarantar ke ƙarƙashinsa. Daga nan sai kwamitin kula da makaranta, wanda mutane suka fi sani da COGES, da ƙungiyar iyayen yara ta APE, da ta iyaye mata ta AME, sannan mai unguwa. Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma duk wanda ya san garin nan ya san cewa idan aka ga mutane suna auna fili suna ɗaukar hoto ba tare da an san da zuwansu ba, abu biyu za a fara zato: ko siyasa, ko kwaɗayin filin makaranta. Gaisuwar kwana biyu tana kawar da wannan zato gaba ɗaya.

Babban littafin rajista

Tushen aikin shi ne babban littafin da ake rubuta kowane yaro a ranar da aka ɗauke shi, da lambarsa, da sunan mahaifinsa da sana'arsa, da shekarar haihuwa, da ranar da ya fita da dalilin fitarsa. Shi za a fara nema, kuma mafi tsufa za a fara nema. Na taɓa tsayawa aka buɗe wani tsohon kabad na ƙarfe a ofishin wata makaranta, mabuɗinsa ya daɗe da ɓata har sai da aka kira maƙeri. A can ƙasa, bayan tarin tsofaffin kaye, wato littattafan rubutu, da guntayen alli, muka tarar da littafin, bangonsa baƙi, gefensa na ƙasa gara ta cinye shi kamar an yanka da almakashi, amma rubutun tawada na sama yana nan tsaf, kowane harafi a jingine gefe ɗaya. Dattijon da ke tare da mu ya bi layi da yatsa har ya kai ga sunan yayansa da ya rasu, ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi kujera.

Idan an samu irin wannan littafi, kada a fita da shi daga makaranta, kada a kaɗe shi da ƙarfi, kada kuma a liƙe yagaggen shafi da salatif, domin danƙonsa yakan ci takarda ya bar tabo bayan ƴan shekaru. A shimfiɗa zane mai tsabta a kan tebur a inuwa mai haske, a wanke hannu a bushe shi, a share ƙura da tattausan burushi, mutum ɗaya yana buɗe shafi a hankali, ɗaya yana ɗaukar hoto daga sama a miƙe. A fara da bango, a bi shafi bayan shafi har da waɗanda babu rubutu, domin in an tsallake ɗaya ba za a ƙara sanin inda aka tsaya ba. Bayan kowane shafi goma a tsaya a faɗaɗa hoton a tabbatar ana iya karanta lambobi. A wannan rana, kafin a kwanta, a kwafe hotunan zuwa waya ta biyu ko kwamfuta, domin wayar da ke ɗauke da aikin wata guda tana iya faɗawa cikin ruwa ko hannun ɓarawo a dare ɗaya.

Wajen karanta littafin akwai abubuwan lura. Shafi na farko ba lallai ne ya zama shekarar buɗe makaranta ba, tun da yana yiwuwa littafin da ya gabace shi ya ɓata. Idan lambar yaron farko ta fara daga ɗari da wani abu, to akwai wani littafi a baya. Za a kuma yi ta cin karo da kalmomin Faransanci biyu, né vers, wato an haife shi wajen shekara kaza, saboda yawancin yaran wancan lokaci ba su da takardar haihuwa, kintace ake yi, wani lokaci ma sai a sa yaro ya zagaya hannu ta saman kansa ya taɓa kunne kafin a ce ya isa shiga. Saboda haka kada a yi gardama da tsoho a kan shekarunsa don abin da rajista ta ce. Wurin sana'ar uba kuwa taska ce ta daban: idan aka jera shi shekara bayan shekara za a ga unguwar tana sauyawa a gaban ido, daga manoma da maƙera da marina da dukawa, zuwa masu awon gyaɗa na zamanin da gyaɗa ke riƙe da kasuwar Maraɗi, zuwa direbobi da ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin nan da Katsina da Kano. A kuma ƙidaya ƴan mata a kowace shekara, a lura da ajin da suke yawan ɓacewa.

A nan dole in ja kunne. A cikin littafin akwai makin da yaro ya samu, akwai inda aka rubuta an kore shi, akwai inda aka rubuta an cire yarinya don aure. Waɗannan mutane yau kakanni ne masu mutunci a unguwa. Bai halatta ba a ɗauki shafi a watsa a Facebook ko a rukunin WhatsApp don a yi dariya, kuma ya kamata tun ranar farko ƴan aikin su yi alkawari a tsakaninsu cewa hotunan rajista ba za su bar hannun mutum biyu da aka amince da su ba.

Bayan rajista a nemi littafin da sufeto ke rubuta abin da ya gani idan ya zo ziyara, da jerin sunayen daraktoci da malamai, da sakamakon jarrabawar gama firamare ta CFEPD da ta gama kwaleji ta BEPC. Wasu takardun ba a makaranta suke ba, suna cikin gidaje a ƙasan akwatin ƙarfe: hoton aji, takardar shaidar gama makaranta, kaye mai bangon takardar siminti. A ɗauki hotonsu a gaban mai su a mayar masa nan take, kada a ce a ba da aro. Idan makarantar ta zamanin mulkin Faransa ce, wato kafin 1960, akwai amfani wani ya leƙa gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai. Akwai kuma tambayar da ta shafi Maraɗi ita kaɗai: tsohon garin a fadama yake kusa da Gulbi, sai ambaliyar 1945 ta rushe shi aka hau da gari kan tudu, saboda haka duk makarantar da ake cewa ta girmi wannan shekara, a bincika ko a wurin da take yanzu ta fara, ko tasowa ta yi tare da mutanenta.

Zama da tsofaffi

Takarda za ta iya jira mako biyu, amma tsoho mai shekara tamanin da wani abu ba a yi masa jinkiri. A rubuta sunayen duk waɗanda za a gani, a jera su bisa tsufa da rashin lafiya, a fara daga sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi wurin manyan da suka zama wani abu, likita ko babban ma'aikaci ko alhajin kasuwa, a tsaya nan. Su ma a gan su, amma sau da yawa shekara shida kawai suka yi suka wuce kwaleji da Lise Ɗan Baskore, daga nan sai Yamai. Wanda ya san makarantar ciki da waje shi ne tsohon mai gadi da ya kwana a cikinta shekara da shekaru, da tsohuwar da ta sayar da ƙosai da fanke a bakin ƙofa har ƴaƴan waɗanda ta fara sayar wa suka zo suna saye, da maƙwabcin da katangarsa ke jingine da ta makaranta, da malamin da ya yi ritaya a unguwar. Haka kuma waɗanda aka kora a aji huɗu da matan da aka cire a aji biyar ɗaliban makarantar ne, kuma abin da za su faɗa ba za a ji shi a bakin wanda ya ci jarrabawa ba.

A aika tun da wuri a nemi lokaci, a je mutum biyu kawai, da goro ko ɗan abin da ya sauƙaƙa. Bayan la'asar ya fi, ko da hantsi. A gaisa sosai, a kira mutum da sunan girman da aka san shi da shi, Baba ko Inna ko Hajiya, tsohon malami kuwa Mushe ko Madam yake har ƙarshen ransa. Kafin a kunna waya a nemi izini a fili: “Baba, muna so mu ɗauki muryarka don jikoki su ji, ka yarda?” Idan ya ce a rubuta kawai, a rubuta kawai. A farkon kowace ɗauka a faɗi ranar da wurin da sunan mai magana, a ajiye wayar kusa da shi a kan matashi, nesa da injin niƙa da rediyo.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. Idan aka ce wa tsoho wace shekara ya shiga lakwal, zai faɗi wata lamba don kada ya ba da kunya, lambar kuma za ta shiga littafi ta zama ƙarya mai hatimi. Gara a tambaye shi abin da ke faruwa a gari a lokacin. An riga an samu ƴancin kai na 1960 ko tukuna? Diori Hamani ne a kan mulki, ko sojoji sun karɓa a 1974? Kafin yunwar 1984 ne da mutanenmu ke kira El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ko bayanta? An yi taron ƙasa na 1991? An karya darajar sefa, abin da ya faru a farkon 1994? Waɗannan turaku ne da kowa ke iya ɗaure tunaninsa a jikinsu, daga baya sai a koma rajista a gwada.

Sannan a tambayi ƙananan abubuwa, domin su ke buɗe bakin mutum. Wa ya kai ka ranar farko, kuma da son iyayenka ko dole aka yi musu? Me kake ci da hutun rabin safiya? Ina ake samun ruwan sha? Wace waƙa ake yi kafin a shiga aji? Wane mushe aka fi tsoro, wane aka fi so? Waɗanda suka yi karatu a zamanin da ake hana yin Hausa a cikin makaranta za su ba da labarin sambol, wato ƙashi ko guntun itace ko wani abin ƙyama da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Wasu suna dariya in suna faɗa, wasu har yau ɗacinsa bai bar su ba, kuma duka biyun a rubuta su yadda suka zo. Idan mutum ya yi shiru kada a cika masa shirun da wata tambaya, a bar shi, domin abin da ke biyo bayan shiru ya fi abin da ya gabace shi nauyi.

Akwai maganar da ke bukatar taka-tsantsan. A farkon zamanin boko ta hannun sarakuna da masu unguwanni ake ɗaukar yara, iyaye da yawa kuma ɓoye nasu suke yi, wasu gidaje ma sukan tura ɗan bara ko ɗan talaka a madadin ɗan gida. Wannan gaskiya ce kuma tarihin makaranta ba ya cika in babu ita, shi ya sa yake da kyau a nemi jin ta bakin dattawan fada. Amma a rubuta ta a dunƙule, ba tare da an ce gidan wane ya tura wane ba, sai in mai labarin da kansa ya faɗa a kan kansa kuma ya yarda a rubuta.

Za a samu saɓani, babu makawa. Wani zai ce da aji biyu aka fara, wani ya ce uku. Wani zai ce ƴan ƙungiyar matasa ta Samariya na zamanin Kunce ne suka gina azuzuwan gabas, wani ya ce iyayen yara ne suka yi karo-karo. Kada a zaɓi wanda ya fi girma ko ya fi ɗaga murya. A rubuta duka biyun da sunan mai faɗa, a nemi na uku wanda bai ji su ba, a kuma duba ko takarda ta ce wani abu. Abin da bai tabbata ba a bar shi da alamar cewa ruwaya ce.

Gini da fili

Wannan ba ya ɗaukar fiye da yini ɗaya. A zana taswirar makarantar a kan babbar takarda, a sa wa kowane aji lamba, a rubuta na siminti ne ko na ƙasa ko na zana, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a kuma duba jikin bango da dakali domin magina sukan rubuta shekara a kan ɗanyen siminti. A zagaya iyakar fili da mai unguwa da tsofaffin maƙwabta, a tambayi ofishin magajin gari ko akwai takardar filin, domin makarantar da gari ya cim mata ba ta da kariyar da ta wuce takarda da katanga.

Azuzuwan zana kuwa a ƙidaya su da idon da ya wuce na mai tarihi. Babu ɗan Maraɗi da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta garin nan, ƙananan yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irin wannan masifa a Yamai a watan Afrilu na 2021. Bayan haka ne gwamnati ta hana sa yaran ajin share fage a cikin zana. Duk wanda ke zana taswira ya rubuta nisan da ke tsakanin rumfa da rumfa, da faɗin ƙofar fita, da kusancinsu da masu tuya a bakin ƙofa, ya miƙa wa darakta da COGES a wannan mako, kada ya jira sai an gama littafi.

Rubutawa da mayar wa unguwa

Kowace hira a rubuta ta cikin kwana biyu ko uku, da kalmomin mai maganar, ba a gyara masa Hausarsa ta Maraɗi ta koma ta rediyo ba. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da na makarantar horar da malamai ta Bawa Jangwarzo da ke zaune a unguwar suna iya ɗaukar wannan nauyi a lokacin hutu. Daga nan a tsara jerin shekaru, a rataya kowane labari a inda ya dace, a fitar da ɗan littafin da bai fi ƙarfin yaron aji shida ba. A ganina da Hausa ya kamata a fara rubuta shi, sannan a fassara da Faransanci saboda ofisoshi, domin yawancin waɗanda suka ba da labarin da Hausa suka ba da shi kuma da ita za a karanta musu, ga shi kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Kafin a buga, a koma wa kowane tsoho a karanta masa abin da aka rubuta da sunansa, ya gyara ko ya janye.

Kuɗin aikin ba shi da yawa, amma ko sefa jika ɗaya ce aka karɓa a rubuta ta a kaye, a karanta lissafi a gaban kowa, kuma a guji karɓar kuɗin wanda zai nemi a sa hotonsa a bango. A yi kwafi uku na komai, hotuna da muryoyi da rubutu, ban da hotunan rajista: ɗaya a ofishin darakta, ɗaya a hannun shugaban iyayen yara, ɗaya a wurin da ba unguwar ba. Tsofaffin littattafan rajista kuwa a naɗe su da farin yadi, kada a sa su a leda domin tana tara gumi, a ajiye su a akwatin ƙarfe a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa kuma bai jingina da bango ba, a riƙa buɗewa ana dubawa kafin damina da bayanta.

Ranar miƙa aikin a yi ta a cikin filin makarantar, a ƙarshen shekarar karatu wajen watan Yuni, lokacin da yara da malamai suke nan. A shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi, a zaunar da tsofaffin da suka yi magana a gaba, har da mai gadi da mai ƙosai, a sa yaran aji shida da na kwaleji su karanta musu sassan littafin da babbar murya. A nan ne kuma za a karanta abin da taswira ta nuna, yawan azuzuwan zana da bencin da suka karye da halin da famfo da makewayi ke ciki, tun da waɗanda za su iya ɗaukar nauyin gyara suna zaune a wurin. Kafin a watse a miƙa wa darakta sabon littafi mai kauri, a amince cewa kowace shekara kafin babban hutu za a cika shafi biyu a ciki: sunayen malamai, har da ƴan kwantaragi, yawan yara maza da mata a kowane aji, abin da aka gina ko ya rushe, da hoto ɗaya na dukan makarantar. A rubuta a bangon littafin cewa yana cikin kayan da darakta mai tafiya zai danƙa wa mai zuwa, shugaban COGES da mai unguwa su sa hannu a ƙasa.